Inda Hadarin Dambatta Yake Zuwa

Ranar Asabar motar Dambatta ba ta ɓata lokaci wajen cika, saboda 'yan kasuwar da ke son kwana kusa da kasuwar Lahadi. Muka fita Kano ta hanyar Katsina, muka wuce Dawanau da manyan motocin hatsinta, sannan muka saki wannan hanya muka miƙi ta Daura. Tsakiyar watan Agusta ne, marka ta kankama, kududdufai duk sun tumbatsa.

Baƙon da bai san arewacin Kano ba zai yi ta jiran inda gonaki za su ƙare daji ya fara. Ba zai gani ba. A tsawon kilomita kusan 50 ɗin nan babu fegin da fartanya ba ta taɓa ba. Gero ya fitar da kai, dawa ta kai ƙirjin mutum, wake da gyaɗa sun shimfiɗe a ƙarƙashinsu. Kowace gona da bishiyoyinta, ɗorawa da tsamiya da kuka da darbejiya, kuma kowace bishiya da mai ita. Gawo kaɗai ke tsaye tsirara, don shi da damina yake kaɗe ganye. Wannan ƙasa ce Michael Mortimore, wanda ya daɗe yana koyar da labarin ƙasa a Zariya da Kano, ya fara rubutu a kanta tun 1965, yana bin diddigin yadda mutane masu yawa haka suke noma gona guda kowace shekara ba tare da sun bar ta ta huta ba. Amsar tana bayan jaki: takin gida da ake ta kaiwa gona cikin mangala duk tsawon rani. Ruwa ne kawai ba a iya kaiwa da jaki. Shi ya sa a nan ba a gajiya da kallon sama.

A Dambatta na sauka na hau ɗan acaɓa zuwa ƙauyen ƙanin mahaifina, ta wajen madatsar ruwa ta Tomas. Na tarar da Baffa a gindin darbejiyar ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Muka gaisa, ya tambayi mutanen birni ɗaya bayan ɗaya, aka kawo fura. Zafi ake yi mai narka mutum, irin wanda ko a inuwa gumi ba ya bushewa. Iskar da ta wuni tana kaɗowa daga kudu maso yamma ta ɗauke cak.

"Ɗana, ka taki sa'a ka iso da wuri," in ji shi. "Yau da shi za mu yi la'asar."

Na duba sama, ban ga komai ba sai wani farin girgije can ƙasa-ƙasa ta gabas. Na ce, "Baffa, wancan ɗan abin?"

"Shi. Ka dubi kansa, ya fara bajewa. In ya baje haka, ga iska ta tsaya, ga wannan zafi, to a ɗaure awaki."

"Mai yawa ne?"

Ya yi dariya. "Hanyarsa na sani, daga gabas zai zo ya yi yamma, tun kakanninmu haka yake. Amma ko zai juye a kanmu ko zai bi ta Makoɗa ya bar mu da ƙura, ko da iska zai zo ko salin-alin, wannan sai Mai shi."

Ana idar da la'asar gabas ta rine baƙi ƙirin. Cida ta fara daga nesa. Mata suka kwashe shanya, aka jera bokitai da baho a ƙarƙashin indararo, yara suka koro dabbobi a guje. Sai wata iska mai sanyi ta bugo da ƙura da busassun ganye, ta tanƙware darbejiya har rassanta na sharar katanga. Wannan iskar farko ita ce mai ɓarna. Muna daga cikin zaure muka ji ƙarar kwano, rufin ɗakin maƙwabci ya yaye ya faɗa gonar bayan gida. Bayanta ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, wajen rabin sa'a ba ka jin maganar na kusa da kai. Daga nan ya koma yayyafi mai laushi, wanda ya ja har bayan isha.

Da dare, da sabis ya ɗan samu, na buɗo hoton tauraron ɗan'adam a waya na miƙa wa Baffa. Ga farin curin girgije ya rufe Katsina ta kudu, bakinsa ya doshi Gusau. Irin wannan jerin hadari yakan kai ɗaruruwan kilomita a tsayi, yana gudu yamma da saurin kilomita 50 zuwa 60 a sa'a. In ya yi tsawon rai, tsakar dare yana Sakkwato, da asuba yana ƙasar Yamai. Mafi yawan ruwan da yankin Sahel ke samu a shekara daga irinsa yake fitowa, ba daga ƙananan gizagizan da ke tasowa nan su mutu nan ba. Baffa ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya yi tambayar da ta sa na rubuta wannan labari. "To daga can ina yake zuwa? A ina yake ƙarewa?"

Kafin a amsa wannan sai an warware wani abin da kowane manomi ya sani amma ba kowa ya tsaya ya yi mamakinsa ba. Iskar damina mai ɗauke da danshi daga kudu maso yamma take zuwa, daga teku. Hadari kuwa daga gabas yake fitowa. Dalili shi ne iska hawa-hawa ce. Ta ƙasa, wadda muke ji a jikinmu, daga teku take. A samanta, wajen kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa, akwai wata mai ƙarfi da ke kwarara daga gabas zuwa yamma, wadda bambancin zafin Sahara da sanyin dazuzzukan kudu ya haifar. Da damina tana ratsawa ne ta saman wannan ɗamara tamu, daga Kano zuwa arewa. Ita ke jan ragamar hadari. Ba ta tafiya a miƙe. Takan yi lanƙwasa, ta karkata arewa ta dawo kudu, kuma wannan lanƙwasa ita ma tafiya take yi yamma. Masana suna ce mata igiyar gabas. Duk kwana 3 zuwa 5 wata na wucewa, tsakanin wata da wata akwai fiye da kilomita 2,000, kuma a shekara akan samu wajen 60. Da yawansu daga tsaunukan Darfur da na Habasha suke farawa. Manomin da ya ce ruwa yakan yi kwana biyu ya huta kwana biyu, igiyar yake ƙirgawa bai sani ba.

Hadari guda ba ya kai wa teku. Yakan yi rabin yini ko yini ya mutu, igiyar ta haifi wani a gaba. Ita ce mai dogon zango. Tana cin kilomita 600 zuwa 700 a rana, daga saitin Kano zuwa Dakar kuwa kusan kilomita 2,800 ne, tafiyar kwana huɗu ke nan. Daga nan ta faɗa tekun Atlantika ta wajen tsibiran Kef Bad. Yawancinsu nan suke watsewa, ba a ƙara jin labarinsu. Amma 'yan kaɗan, in suka tarar da ruwan teku ya kai zafin digiri 26 da rabi, iskar sama da ta ƙasa ba sa saɓani, sai su fara juyi. Idan gudun iskar ya kai kilomita 63 a sa'a a raɗa mata suna. Idan ya kai 119 ta zama mahaukaciyar guguwa, irin wadda muke ji a labaran BBC da Muryar Amurka. Masanin guguwa Christopher Landsea ya ƙididdige a 1993 cewa kusan 85 cikin 100 na manyan guguwoyin Atlantika, wato masu mataki na 3 zuwa na 5 a ma'aunin ƙarfin guguwa, daga waɗannan igiyoyi na Afirka suke tasowa.

Na ba Baffa labarin guguwar Irma, don kwanakinta suna da sauƙin riƙewa a wurinmu. Igiyar da ta haife ta ta bar gaɓar Afirka ta Yamma ranar 27 ga Agustan 2017. Lahadi ce, kuma ita ce kasuwar Dambatta ta ƙarshe kafin Babbar Sallar shekarar, wadda aka yi ranar Juma'a 1 ga Satumba. Mutane na can kara suna cinikin raguna. In aka yi lissafin baya da saurin da igiyoyin suka saba, wajen Larabar da ta gabata ke nan ta ratsa saitinmu. Ranar 30 ga wata aka sa mata suna. Ranar 6 ga Satumba, mu muna cin soyen naman layya, ta afka wa tsibirin Barbuda da iskar kilomita 285 a sa'a, ta lalata kusan dukkan gine-ginensa, har aka kwashe mutanen tsibirin kaf zuwa Antiguwa. Ta bi ta arewacin Kuba. Ranar 10 ga Satumba ta shiga Fulorida.

Abin da ya fi ɗaure wa Baffa kai ba ƙarfinta ba ne. Gwamnan Fulorida na lokacin, Rick Scott, ya kafa dokar ta-ɓaci tun ranar 4 ga wata, guguwar tana can tsakiyar teku, kwana shida kafin ta iso. Daga baya aka umarci mutum fiye da miliyan 6 su bar gidajensu.

"Kwana shida? Su waye suka gaya masa?"

Cibiyar kula da guguwa ta Amurka ce, da ke Mayami. Duk sa'a shida takan fitar da sabon hasashe: inda idon guguwa yake yanzu, inda zai kasance gobe da jibi har kwana biyar, da ƙarfin da ake zato. A taswira ana zana shi da siffar mazurari, tsukakke a inda take, yana buɗewa gaba. Mutane da yawa suna ɗauka faɗin mazurarin nan shi ne faɗin guguwar. Ba haka ba ne. Faɗin kuskuren masu hasashen ne. Sukan duba yadda suka kauce a shekaru biyar da suka wuce, su zana shi yadda sau biyu cikin uku idon guguwa zai faɗo a ciki. Wannan ɗabi'a tana burge ni, ma'aikata ta buga girman kuskurenta a jikin kowace sanarwa da ta fitar.

Hanyar guguwa ta fi ƙarfinta sauƙin ganewa, kuma dalilin a fili yake. Guguwa duk girmanta ba ita ke tuƙa kanta ba. Kamar ƙwarya take a kan kogi, inda ruwa ya nufa can za ta. Kogin nata shi ne manyan iskokin da ke kewaye da ita, musamman wani makeken yankin iska mai nauyi da ke zaune a tsakiyar Atlantika tsakanin tsibiran Azores da Bamuda. In ya miƙe yamma da ƙarfi sai ya tura guguwa Karibiyan da Amurka. In ya samu gurbi sai ta sulale arewa ta mutu a ruwan sanyi. Waɗannan abubuwa ne masu faɗin dubban kilomita, taurarin ɗan'adam suna ganinsu sarai, kwamfuta kuma tana iya lissafa motsinsu. Cibiyar hasashe ta Turai da ke Reading a Ingila ba ta tsayawa kan lissafi ɗaya. Takan maimaita shi sau 51, kowane da ɗan bambanci a ma'aunin farko, don an san ma'aunin bai cika ba. In layukan nan 51 suka tafi a dunƙule, a saki jiki da hasashen. In suka watse, a yi hattara. Wannan cibiya ce ta hango tun da saura kusan mako guda cewa guguwar Sandy za ta juyo yamma ta shiga gaɓar Amurka a Oktoban 2012, juyin da ba a saba gani ba. A shekarun 1970 hasashen kwana uku yakan kauce da fiye da kilomita 600. Yanzu bai kai 200 ba. Duk da haka Irma ta nuna cewa kilomita ɗari ba wasa ba ne a jiha mai tsukakken jiki irin Fulorida: an fi zaton gaɓar gabas, wajen Mayami, sai ta bi ta yamma, wasu da suka gudu can suka tarar sun gudu ne zuwa gabanta.

Ƙarfi kuwa wata magana ce. Shi a cikin cikinta ake ƙulla shi, a zoben gizagizan da ke kewaye da ido, wurin da bai fi 'yan gomman kilomita ba. Ya danganta da zurfin ruwan ɗumi a ƙarƙashinta, don guguwa kan dama teku ta taso da ruwan sanyi ta kashe wa kanta wuta. Ya danganta da saɓanin iskar sama da ta ƙasa, wanda kan karkatar da ita ya tarwatsa ta. Ya kuma danganta da wani abin namu, busasshiyar iskar Sahara mai ƙura, wadda ke bin igiyoyin zuwa teku, in ta kutsa cikin guguwa ta shaƙe ta. Ƙasa ɗaya ke aika iri, ita ke aika abin da zai hana shi tsirowa. A gabashin teku, inda jirage ba su cika zuwa ba, da siffar girgije a hoto ake ƙiyasta ƙarfi, bisa dabarar da Vernon Dvorak ya tsara a shekarun 1970. In ta matso, sai jiragen sojan saman Amurka daga sansanin Keesler a Misisifi da na hukumar NOAA su kutsa har cikin idon, suna sako ƙananan na'urori masu lema da ke aiko da ma'aunin iska da zafi da danshi kafin su faɗa ruwa.

Da duk wannan ana shan mamaki. Ranar 24 ga Oktoban 2023 mutanen Akafulko a Meziko suka wayi gari da labarin guguwa matsakaiciya mai suna Otis a tekun Fasifik. Kafin tsakar dare ta kai mataki na 5, iskarta ta ƙaru da fiye da kilomita 150 a sa'a cikin yini guda, ta shiga birnin cikin duhu. An san hanyarta, ba a san haka za ta zama ba. Masana suna kiran wannan hauhawar gaggawa, wato ƙarin kilomita 55 a sa'a ko fiye cikin sa'a 24, kuma ita ce babbar fargabarsu yanzu da tekuna ke ƙara ɗumi. Guguwar Beryl ta kai mataki na 5 tun farkon Yulin 2024, ba a taɓa ganin wadda ta kai haka da wuri irin wannan ba a Atlantika. Da na zo nan Baffa ya gyara zama ya ce, "Ashe su ma hanya suka sani."

Ya tambaye ni ko irin wannan guguwa za ta iya zuwa Legas. Na ce da wuya ƙwarai, don Legas ta yi kusa da tsakiyar duniya inda iska ba ta samun juyi sosai, kuma igiyoyin baya suke ba mu, yamma suke yi. Kef Bad ce takan ɗanɗana, kamar yadda guguwar Fred ta yi mata a ƙarshen Agustan 2015. Gabashin Afirka kuwa sun sha: guguwar Idai ta ragargaza Beira a Mozambik a Maris ɗin 2019, mutum fiye da 1,000 suka rasu a ƙasashe uku.

Hira ta kai mu farin 1973. Baffa yana saurayi a lokacin. Ya ce hadari yakan haɗu baƙi ƙirin, a kwashe shanya, sai iska ta watsa shi ko ɗigo babu, a wayi gari gero ya murɗe ganye. Aka yi ta roƙon ruwa. Bayan shekara biyu cuta ta faɗa wa gyaɗa, daga nan dalar gyaɗar Kano ta zama labari. Aka sake shan wani farin a 1984. Abin da bai sani ba shi ne, a shekarun nan da rumbunansu suka bushe, gaɓar gabashin Amurka hutawa ta yi. William Gray na Jami'ar Jihar Kolorado, wanda ya fara hasashen yawan guguwar shekara a 1984, ya nuna a mujallar Science a 1990 cewa daga 1947 zuwa 1969, lokacin da damina ke albarka a yammacin Sahel, manyan guguwoyi sun yi ta dukan wannan gaɓa, daga 1970 zuwa 1987 kuwa suka yi ƙaranci. Har ya riƙa sa ruwan Sahel cikin lissafinsa. Daga baya alaƙar ta yi rauni, aka koma dogaro da zafin teku da yanayin El Nino. Baffa ya jinjina kai ya ce ikon Allah, damina mai kyau a Dambatta ta zama abin tsoron wani a ƙarshen duniya.

Washegari muka shiga kasuwa, ƙafa duk taɓo. Maƙwabcin da rufinsa ya yaye yana gabanmu yana taya bandir ɗin kwano. A rumfar masu taki na haɗu da wani malamin gona, tsohon ɗalibin Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke nan Dambatta. Yana da mazubin awon ruwa da ya kafa a bayan gidansa, da littafin da yake rubuta abin da ya samu kowace safiya. Ya ce ruwan jiya ya cika masa mazubi fiye da na kowace rana a bana, amma wani abokinsa a wani ƙauye da bai fi tafiyar rabin sa'a a babur ba ya ce su yayyafi kawai suka gani.

"Yallaɓai, wa kake aika wa lambobin?"

"Ni da littafina ne, Malam. Ranar da wani ya tambaya, ga su."

Nan tafiyar ta daina ba ni nishaɗi kawai. Kano tana cikin garuruwan da suka fi daɗewa da awon ruwa a ƙasar nan, tun 1905 ake rubutawa. Hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, tana da tasha a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ranar da ake sa ran saukar ruwa da ranar ɗaukewarsa, kuma ana karanta shi a gidajen rediyo da Hausa. A Yamai akwai cibiyar nazarin yanayi ta AGRHYMET tun 1974, akwai kuma ta ACMAD. An yi manyan bincike a kan igiyoyin nan, na GATE daga Dakar a 1974, da na AMMA a 2006, lokacin da aka cika sararin Nijar da Benin da balan-balan masu ɗauke da na'urori. Amma masu bincike sukan zo su tafi. Hukumar yanayi ta duniya ta sha faɗin cewa tashoshin awon Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na abin da ya kamata ba. Wani rubutu a mujallar Nature a 2023 ya ƙirga na'urorin rada masu hango ruwa: Amurka da Tarayyar Turai 636, Afirka gaba ɗaya 37. Abu guda ne yake tafiya daga Darfur zuwa Fulorida. A ƙarshen hanyarsa jirage na shiga cikinsa suna auna shi, a farkonta kuwa mutum ɗaya ne da littafi a bayan gida. Ko don kansu, masu hasashen can suna da buƙatar a auna shi a nan, domin lissafin kwamfuta daga ma'aunin farko yake tashi, kuma sabbin manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake yayi yanzu daga tsofaffin bayanai suke koyo. Inda ba a rubuta ba, babu abin koya.

Kuma mu ma hadarinmu ba na da ba ne. Binciken Christopher Taylor da abokan aikinsa, wanda ya fito a 2017, ya gano cewa hadarai mafiya tsanani a Sahel sun ninka sau uku daga 1982. Manomin Dambatta ba ya neman gargaɗin kwana shida. Sa'a biyu ta ishe shi ya ɗora duwatsu a kan rufi, ya kira yara daga rafi, ya fasa watsa taki. Wannan kuwa abu ne mai yiwuwa. Tauraron Meteosat yana tsaye a saman mashigin tekun Gini, kilomita 36,000 daga ƙasa, yana aiko da hoto duk minti 15, sabon da aka harba a Disambar 2022 ma duk minti 10, har da na'urar ganin walƙiya. Shirin SWIFT, wanda Jami'ar Leeds ta yi da NiMet da wasu hukumomin Afirka daga 2017, ya gwada irin wannan gajeren hasashe. Curin girgijen da ya yaye kwanon maƙwabcinmu yana cikin hoto tun yana ƙasar Haɗeja. Abin da ya rage shi ne ɗan guntun zangon da ke tsakanin hoton da kunnen mai gona.

Da yamma Baffa ya kai ni gaida limamin ƙauyen, wanda shi ke riƙe da lissafin taurarin damina. Ya ce Ɗarfa na ƙarewa, Jabha na shirin kamawa. Taurari 28 ne, kowane kwana 13, Jabha kaɗai ke da 14, shekara ta cika 365. Na ce, "Allah gafarta Malam, akwai masu cewa hasashen yanayi shiga gaibu ne." Ya ce wanda ya ga shamuwa ta dawo ya fara gyaran gona ai ba duba ya yi ba, alama ya gani, kuma alama Allah ne Ya ajiye ta don masu lura. Laifi shi ne mutum ya ce tabbas, ko ya ce tauraro ne ya ba shi ruwa. Na gaya masa yadda mutanen Mayami ke zana kuskurensu a jikin taswira. Ya ce to waɗannan sun san ladabin abin.

Safiyar da zan koma, Baffa ya sa aka fito da buhun yuriyar da ya saya a kasuwa, kuɗin akuya guda. Dawar bayan gida tana son taki, ƙasa da danshi, amma in aka zuba aka yi ruwa irin na shekaranjiya, kwari zai tafi. Ya ce, "Ɗana, duba mana wayar taka." Na duba, ta nuna 60 cikin 100 za a yi ruwa. Ya ce ruwa wane iri, na wankin taki ko na narkar da shi? Na ce ba ta faɗa ba. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannu. Sannan ya ce wa yaransa su zuba rabin buhu, su bi shi da fartanya su binne a gindin kowace shuka, sauran rabin kuma a ɗaure bakinsa a mayar ɗaki sai hadari na gaba ya wuce.